Shin in sa wa samfuran zubina alamar RFID?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Garwa: "Assalamu alaikum. Ina sayar da tukwanen alminiyum da wasu ƙananan kayan gyaran injin niƙa. Ba ni nake zubin da hannuna ba. Ina da samfura, wato siffofin kayan da ake dannawa a ƙasa don fitar da gurbin zubi, wajen 70 da nake rarraba wa maƙera huɗu, in ba su tsohon alminiyum su zuba mini. Duk shekara sai kamar biyar sun salwanta, kowa ya ce ba a hannunsa suke ba, kuma sake yin kowanne yana cina kusan sefa 25,000. Ɗana da ke karatu a Ngaundere ya ce in sa musu alamar RFID, wani dillali daga Duwala kuma ya yi mini kuɗin kayan gaba ɗaya sefa 1,200,000. In saya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Kada ka saya yanzu, musamman wannan da aka yi maka kuɗinsa. Yaron bai faɗi abin da babu ba, manyan masana'antun zubi suna amfani da wannan fasaha kuma tana yi musu aiki. Sai dai ciwonsu daban, naka daban.

Alamar RFID 'yar ƙwayar lantarki ce da siririyar eriya a jikinta. Yawancinsu ba su da batir. Na'urar karantawa ce ke aika igiyar rediyo, alamar ta samu ɗan ƙarfi daga nan, ta mayar da lambarta. Irin wannan ce a cikin fasfo na zamani da katin banki da ake ɗorawa a kan na'ura ba tare da an zura shi ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, alamar ba ta faɗin inda take. Ba GPS ba ce. Kamar lambar kunnen saniya take: idan saniyar ta zo gabanka za ka san ta wane ce, amma idan ta yi nisan kiwo lambar ba za ta kira ka ba. Samfurinka da ya kwana a wata maƙera a Pitoa, ko aka tsallaka da shi Yola, babu na'urar da za ta nuna maka shi daga shagonka.

Masana'antar da ke da dubban samfura a rumbu ɗaya, mai ƙofa ɗaya, ita ce ke cin ribar abin. Ma'aikaci ba ya ɓata rabin yini yana neman samfuri guda, kwamfuta tana ƙirga sau nawa aka yi aiki da kowanne, a san lokacin gyara kafin ya fara fitar da kaya mai aibi. Kai samfuranka 70 ne, kuma ba a rumbu suke ɓacewa ba. A hannun mutane suke ɓacewa.

Mu duba lissafin da ka bayar. Asararka a shekara sefa 125,000 ce. Ko da na'urar za ta hana ɓatan kowane samfuri, abin da ba za ta iya ba, sai ka yi kusan shekara 10 kafin ka mayar da 1,200,000. Na'urar hannu da ke yini cikin ƙura da toka da zafin Garwa, inda a watan Maris da Afrilu ake haura digiri 40, da wuya ta kai wannan shekarun lafiya, kuma ranar da ta lalace mai gyaranta yana Duwala. Ka kuma tambayi dillalin ko kuɗin ya haɗa da harajin sayen kaya, wato TVA, na kashi 19.25 cikin 100, da kuɗin manhajar da wasu ke karɓa duk shekara. Wannan jarin idan ka zuba shi a tsohon alminiyum, ka fi ni sanin sau nawa zai juya kafin damina ta zagayo.

Sai matsalar aikin kansa, wadda masu sayarwa ba su cika kawo ta ba. Ƙarfe yana rikita igiyar rediyo. Alamar da aka saba liƙa wa kwali ko tufafi, idan ka manna ta a jikin alminiyum sai ta yi shiru. Akwai wadda aka yi musamman don ƙarfe, mai shimfiɗa a bayanta, kuma ta fi tsada. Ga kuma wuta. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe sai ya haura 1,000, alhali alamar yau da kullum ba ta jure abin da ya wuce kamar digiri 85, masu juriyar ma iyakarsu wajen 200 zuwa 250. Saboda haka babu maganar sa ta a gurbin da ake zuba narkakken ƙarfe. Gurbin ƙasa ma ai fasa shi ake yi bayan kowane zubi, babu abin bibiya a nan. Abin da ya cancanci alama shi ne samfuri, wanda ake cirewa kafin a zuba, sai kuma akwatin zubi da ke riƙe ƙasar, a gefensa na waje. To samfurin tukunya kuwa, cikinsa da bayansa duk suna taɓa ƙasa. Duk abin da ka manna masa zai fito a jikin tukunyar da aka zuba. Dole sai dai a rataya alamar da waya a kunnen samfurin, a riƙa cirewa lokacin aiki, kuma abin da ake cirewa kullum wata rana za a manta da shi ko a sauya shi.

Amma wannan halin na samfuri, na kwafe duk abin da ke jikinsa, shi ne makamin da ya fi maka RFID amfani. Ka sa a buga harufan sunan shagonka da lamba a gindin kowane samfuri, da irin ƙarfen buga lamba da ake dukansa da guduma, a buga da zurfi yadda ƙasa za ta ɗauka. Daga ranar duk tukunyar da ta fito daga wannan samfurin tana ɗauke da lambarsa. Idan abokin ciniki ya dawo da tukunya mai yoyo ko mai sirantaccen gefe, ka san samfurin da ya haife ta da maƙerin da ke riƙe da shi. Idan kuma ka ga tukunya mai lambarka a rumfar wani a babbar kasuwa, ba kai ka sayar masa ba, ka san ana yi wa wani zubi da kayanka. A ganina kuɗin da ke zurarewa ta wannan hanyar zai iya fin na samfura biyar ɗin da kake kuka da su, don shi ba ya barin gurbi a kan kanta balle ka lura.

Bayan lamba sai littafi. Shafi ɗaya ga kowane maƙeri: lambar samfuri, ranar fita, nauyinsa a sikeli, ranar da aka yi alkawarin dawowa, sa hannu ko dangwale. Ka ɗauki hoton samfurin a hannun mai karɓa da wayarka. Ku yi magana a gaban shaida, ko a gaban shugaban maƙeran wurin, cewa wanda samfuri ya ɓace a hannunsa za a cire kuɗinsa daga ladan aikinsa kaɗan-kaɗan. Ka faɗe shi da mutunci, tun kafin wani abu ya ɓace, don mutanen nan abokan arzikinka ne. Sau da yawa ma ba sata ba ce. Samfurin alminiyum da tsohuwar tukunya kamarsu ɗaya a idon yaron maƙera, sai ya jefa shi cikin wuta tare da tarkace. Jan fenti a bakin kowane samfuri yana maganin wannan.

Akwai kuma samfuran da bai kamata su bar hannunka ba sam. Alminiyum yana tsukewa da kusan kashi 1.3 cikin 100 idan ya huce. Idan asalin samfuri ya ɓace ka kwafo sabo daga tukunyar da aka zuba, sabon ya ragu, wanda za a kwafo daga gare shi ya ƙara raguwa. A tukunya sai murfi ya daina zama daidai. A kayan injin niƙa kuwa, inda ake auna milimita, kayan ne za a dawo maka da su. Ka kulle na asali a gida, ka riƙa ba maƙera kwafin farko kawai, don raguwar ta tsaya a nan.

Idan ka yi wata shida a haka, littafin ya zauna, kuma kana son sauƙin rubutu, akwai ƙaramar hanya da ɗanka zai iya haɗa maka a hutu. Alamar NFC, mai aiki a megahaz 13.56, wayoyin zamani da yawa suna karanta ta idan an kusanto da ita santimita kaɗan, ba ka bukatar wata na'ura. A sayo 'yan kaɗan masu jure ƙarfe, a gwada su a akwatunan zubi da samfuran katako, inda za a iya huda rami a bayan katakon a binne alamar a rufe da gam mai ƙarfi. A ɗaure da ƙusa ko sukuru inda ya yiwu, don gam kaɗai yana saki da zafi.

Babbar na'urar UHF, mai karantawa daga nisan mita da dama, sai ranar da ka tara maƙeran a fili ɗaya mai ƙofa ɗaya, samfuran kuma sun kai ɗaruruwa. In ranar ta zo, ka nemi wadda aka yi wa zangon Turai, megahaz 865 zuwa 868. Ta Amurka tana aiki a 902 zuwa 928, kuma wani ɓangaren wannan zangon layukan wayar salula ne ke amfani da shi a ƙasashenmu, don haka ka tuntuɓi ART, hukumar kula da harkar sadarwa ta Kamaru, kafin ka shigo da ita. Dillalin kuma ya zo da kayansa har maƙera, ya manna a samfurinka na alminiyum, a bar shi mako biyu cikin ƙasa da toka, ya karanta a gabanka, sannan a yi maganar biya.