Amsa ga mai tambaya kan dokar bindiga a wasan tebur

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana jagorantar wasan labari irin na tebur, wanda ake zama kowa ya ɗauki jarumi ɗaya a cikin labari, an ɗirka wa jarumin wani harsashi har huɗu amma yana tsaye yana ci gaba da faɗa, shi ne kake tambaya ko ka sake dokar ta yi daidai da zahiri. To ni na daɗe ina jagorantar irin wannan wasa da abokaina a Samaru, kuma wannan matsalar mun sha fama da ita sosai.

Abin da ka gani ba laifinka ba ne, haka wasan Dungeons & Dragons yake tun fitowarsa a 1974, an gina shi ne kan takobi da sihiri, makin rai, wato makin da in ya ƙare jarumi ya faɗi, yana ƙaruwa duk lokacin da jarumi ya hau mataki. A bugu na biyar bindigar dura tana cire maki na dayis (ƙwayar da ake jefawa irin ta ludo) mai fuska 12 ne, wato daga 1 zuwa 12, to wanda yake da maki 60 me harbi ɗaya zai yi masa? Mu da farko abin da muka yi shi ne muka koma ɗaya gefen gaba ɗaya, muka ɗauko tsari mai jadawali da yawa irin na wasan Phoenix Command na 1986, inda sai ka duba nisa, ka duba inda harsashi ya shiga a jiki, ka duba me ya fasa. Wallahi musayar wuta ɗaya da a labari ba ta kai minti ɗaya ba ta cinye mana tun bayan la'asar har aka kira magariba, mutum biyu sun koma danna waya, satin da ya biyo baya ɗaya bai ma zo ba. Abin ya dame ni ƙwarai don ni na kawo shawarar.

Inda na gane bakin zaren a hawan Sallah ne a ƙofar fada. Ka tsaya ka kalli 'yan bindiga da kyau, ba ƙarar kawai ba. Mutum zai zuba albarushi, ya tura tsumma, ya danna da sanda, sannan ya ɗaga ya harba, hayaƙi ya turnuƙe wurin har ba ka ganin na gabanka, dawakai su zabura, wani kuma ya ja kunama ta ƙi tashi sai ya sake. Wannan duk shi ne zahirin bindigar toka, kuma ba ya cikin jadawalin rauni ko ɗaya. Ƙwararren soja a zamanin bindigar ƙanƙara a Turai harbi kamar uku yake yi a minti, wato kusan daƙiƙa 20 kowane harbi, alhali zagaye ɗaya na faɗa, wato lokacin da kowane ɗan wasa zai yi motsinsa sau ɗaya, a Dungeons & Dragons daƙiƙa 6 ne kuma doka ta bar ka ka harba a kowane zagaye. Kaga a nan ƙaryar take, ba a yawan makin ba.

Saboda haka ga yadda muke yi yanzu. In ka harba, zagaye uku kana dura, ba ka gudu ba ka sara, sai dai abokinka ya kare ka ko ka yar da ita ka zare takobi. In dayis mai fuska 20 ya faɗi a 1 ta ƙi tashi, in damina ce ko an ƙetare rafi to daga 1 zuwa 3, don albarushi ba ya shiri da laima. Wanda harsashi ya samu kuma ba ma tsayawa lissafin ƙashi da jijiya, dayis ɗaya zai jefa, ko ya faɗi ko ya ci gaba da rauni har sai an ɗaure masa. Sai ta ƙarshe wadda na fi so, duk wanda aka harba wajensa ko ba a same shi ba sai ya gwada ƙarfin zuciya kafin ya iya ɗago kai. Tun da muka sa wannan 'yan wasa suka fara neman bango da gindin kuka suna laɓewa, suna shawara kafin su kutsa gida, abin da a da ba sa yi sam.

In kuma labarinka na zamani ne, ka kula da yawan harsashi. AK-47 gidan harsashinta 30 yake ɗauka, kuma in aka sake ta tana zuba kusan 600 a minti, wato cikin daƙiƙa 3 ta ƙare. Ka sa kowa ya riƙa rubuta abin da ya rage masa a takarda. Ko ka gwada wani wasan dabam, kamar GURPS da zagayensa daƙiƙa 1 ne, ko Call of Cthulhu da makin rai ba ya wani ƙaruwa kuma bindiga tana iya sarƙewa.

Abu ɗaya dan Allah, ka tambayi mutanen teburinka tukuna. Halin da Arewa take ciki ba ɓoyayye ba ne, akwai wanda ƙarar bindiga ba labari ba ce a wajensa, mu akwai wanda ya roƙe mu mu daina siffanta rauni dalla-dalla kuma muka daina. In ka gwada dokar durar nan a zama biyu ka dawo ka faɗa min yadda 'yan wasanka suka karɓe ta.