Tambaya da Amsa: Me hira da mutane za ta ƙara wa mai binciken haske?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun zanen gine-gine, kuma kundin kammala digirina a kan hasken fitilu ne a shagunan Kantin Kwari. An shawarce ni da in yi hira da 'yan kasuwa, amma ina ganin na'urar auna haske ta wadatar. Me hirar za ta ƙara mini? Daga wani ɗalibi, Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka ajiye na'urarka, domin ita ce za ta nuna maka ko hasken shago ya kai luks 500 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), adadin da ƙa'idar Turai ta tanadar wa teburin aikin ofis. Sai dai ka tsaya a layin 'yan shadda ka lura: shago yana da haske tar da farin ƙwan lantarki, amma mai saye zai ɗauki turmin ya fita da shi bakin ƙofa, ya ɗaga shi a rana kafin ya taya. A wurin na'ura haske ya isa, a wurin mai saye kuwa ƙwan yana ɓoye ainihin launi, kuma ba za ka san haka ba sai ka zauna ka gani, ka kuma tambaya.

Matsalar tsohuwa ce. Tsakanin 1924 da 1927, a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago a Amurka, an riƙa ƙara haske ana rage shi, sai aka ba da rahoton cewa aiki yana ƙaruwa ko da an rage hasken. Masana sun yi ta jayayya a kan wannan sakamako daga baya, amma ya sa an fara sauraron ma'aikaci kansa.

Shawarata ita ce ka guji tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a", domin Bakano zai ce maka "Alhamdulillahi" ya sallame ka. Ka ce masa ya ba ka labarin ranar da aka dawo masa da kaya saboda launi, da abin da yake yi idan an ɗauke wuta kafin a tayar da janareta. Ka je da hantsi, ka koma bayan la'asar, kuma ka nemi izini kafin ka naɗi muryar kowa. Idan ka ga sababbin hirarraki suna maimaita abin da ka riga ka ji, to ka dakata, ka jera maganganun kusa da alƙaluman kowane shago.