Tambaya da Amsa: Kwamfutar ɗiyata ta ƙi karɓar Windows 11

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na saya ma ɗiyata kwamfuta ta hannu, irin ta gwanjo, don karatunta a jami'ar Abdou Moumouni, Windows 10 ce a ciki, yanzu kullum in ta kunna sai wani saƙo ya fito wai a koma Windows 11, mun kai wajen mai gyara ya ce ba ta ɗauka amma in na biya zai saka da ƙarfi. In yarda ko in sake wata? Wallahi da kuɗin adashe na saye ta. Daga wata uwa, unguwar Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ba yarinya sa'a. Kar ki yi gaggawar sake wata, kwamfutar ba ta lalace ba.

Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 11 ranar 5 ga Oktoba 2021 kuma ya sa mata sharuɗɗa masu tsauri, sai na'ura tana da RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan in injin Intel ne sai tsara ta 8 zuwa sama, wato na wajen 2017 zuwa yau. To yawancin na gwanjon da ke shigo mana daga Turai sun girmi haka, nan suke faɗuwa. Ita kuwa Windows 10 da ta fito tun 2015, an daina aiko mata gyaran tsaro na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, shi ya sa saƙon ya dame ku.

Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, ɗiyarki ta buga aikinta ta kalli darasi. Matsalar tana wajen intanet da kle ɗin nan na USB da ɗalibai ke yawo da shi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, gidan da aka daina gyara ma ƙofa ne, ɓarawo bai shan wahala.

Zancen sakawa da ƙarfi kuwa, ana yi, na ga waɗanda aka yi ma suna aiki, amma Microsoft bai ɗauki alkawarin aiko musu gyara ba, kuma abin da ya fi damuna wasu masu gyaran kwafin sata suke zubawa wanda ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Ni ban ba ki wannan shawara ba.

Ɗiyarki ta fara kwashe takardun karatunta zuwa wani kle mai tsabta yau ɗin nan. Sannan ta nemi wanda ya iya ya saka mata Linux Mint, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kyauta ce, tana gudu da kyau a tsofaffin na'urori, akwai Faransanci, kuma tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word. Amma ta tambayi malamanta tukuna ko akwai manhajar karatun da sai a Windows take aiki.