Kafin ka ci bashin sola, karanta mitarka da daddare

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfani, muna sarrafa kaya muna zubawa a leda da kwali. Ma'aikata goma sha biyu ne, da sito ɗaya da motar kai kaya. Kuɗin wuta da na mai da na kwali na cinye ribar. Ga wani babban kwastoma ya fara tambayata me muke yi don kare muhalli. In ci bashi in sa sola, ko wannan hidimar manyan kamfanoni ce?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi. Ajiye maganar bashin tukuna. Damuwar ribarka da tambayar kwastomanka tushensu ɗaya. Duk abin da ya fita daga kamfaninka a matsayin shara, ko hayaƙi, ko ruwan da ya bi kwata, da kuɗinka ka saye shi. Kwalin da ya jiƙe a sito sau biyu ka biya kuɗinsa: ranar saye, da ranar da aka kwashe shi.

Yau da daddare, bayan an kashe injina, rubuta lambar da ke jikin mita. Gobe da safe, kafin a kunna komai, ka sake karantawa. Abin da ya ƙaru shi ne wutar da kake biya alhali kowa na barci. Yi haka kwana bakwai, sannan ka bi sawunta. Galibi fitilar sito ce aka manta, ko kwamfuta, ko kwampireso, wato injin matse iska, da ke ta tashi shi kaɗai saboda iska na tsiyaya.

Wannan na ƙarshen shi ne ɓarawon da ba a zargi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsiyaya kan salwantar da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da kwampireso ke haɗawa. Maganinsa ruwan sabulu: shafa a mahaɗar tiyo, inda kumfa ta taso nan kuɗinka ke fita. In kana da firji ko ɗakin sanyi, maƙala takarda a bakin ƙofa ka rufe ka ja. Ta zare ba gardama? Robar ta mutu, injin na ta wahalar sanyaya iskar waje.

Fitila kuwa lissafinta a fili yake. Tsohon ƙwai mai wat 60, LED mai wat 9 zai ba ka kusan haskensa. Ƙwai ashirin ke nan sun sauko daga wat 1,200 zuwa 180.

Amma in ka tambaye ni, asarar da ta fi ciwo ba ta bi ta mita. Taiichi Ohno, injiniyan da ya tsara salon aikin kamfanin Toyota, ya lissafa asara iri bakwai, ya kuma ɗauki yin kaya fiye da buƙata a matsayin mafi muni, don ita ke haifar da sauran. Kayan da ka sarrafa ba mai saye a ƙasa sun riga sun sha wuta, sun ci leda, sun tare wuri, kuma jarinka na kwance a cikinsu. Shiga sitonka ka ware duk abin da ya yi wata uku bai motsa ba. Za ka sha mamaki. Haka motarka: fita biyu da rabin lodi ta fi fita ɗaya da cikakken lodi shan mai, kuma taya mai ƙarancin iska na ƙara mata ƙishirwa.

Ragowar da ba makawa sai ta fito, nema mata mai so. A garin Kalundborg na ƙasar Denmak, tun 1972 wani kamfanin allon gini ya fara aiki da rarar iskar gas ta matatar man da ke maƙwabtaka da shi. Kai ma ka ware kwali daban, leda daban, ƙarfe daban, domin in sun cakuɗe darajarsu ta faɗi. Alminiyam musamman, narka tsohonsa na cin kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen haɗa sabo, shi ya sa ba ya rasa mai saye.

Sai bayan wannan duka za mu zo kan sola. Ba na kushe ta. Sai dai wanda ya sa ta kafin ya toshe ɓaraka, zai sayi faranti da batir na wutar da yake zubarwa. Rage buƙatarka tukuna, sannan a auna maka daidai. Raba kuɗin kayan da abin da za su rage maka duk wata, ka ga wata nawa za su mayar da kansu, ka gwada da wa'adin bashin da ruwansa.

Shi kuwa kwastoma, kada ka yi saurin buga hoton ganye a jikin kwali. Kai masa takarda ɗaya mai lambobi: wutar da kuka sha, litar mai, da kilon shara a kan kowane katan dubu, na watan da ka fara da na wata shida bayansa. In ya nemi shaidar ISO 14001 daga baya, wato shaidar ƙasa da ƙasa ta tsarin kula da muhalli a kamfani, wannan takardar ce za ka fara ɗorawa a kai.