Zuba wa tayar tarakta ruwa: dabara ce ko ɓarna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina tuƙa tarakta Massey Ferguson 375 a wata gona wajen Epe. In na sa garma, tayoyin baya sai su riƙa juyi a wuri ɗaya, dizal na ƙonewa, aiki ba ya gaba. Wani mai faci ya ce in ɗura musu ruwa, maigidana kuwa ya ce rim zai ruɓe. Wa zan bi? Daga wani direba, Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai facin nan ya san aikinsa, kuma tsoron maigidanka ba na banza ba ne. Amma kafin ka kira mai ruwa, fara gano ko rashin nauyi ne ke damun motar.

Sa wa tayar baya alama da alli. Sauke garma cikin ƙasa, ka ja, wani yana ƙirga maka har tayar ta zagaya sau 10, ku kafa tsinke a farko da ƙarshe. Sai ka ɗaga garmar ka sake bin wannan tazarar, a sake ƙirgawa. In zagaye 8 da rabi zuwa 9 ya kai ka, santsin bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, kuma haka ake so ga tarakta mai jan ƙafa biyu. Bar ta yadda take. In 8 ne ko ƙasa da haka, to ƙarfin injin yana tafiya a banza, tana neman nauyi. Duba kuma haƙoran tayar. In sun cinye, ko tekun Legas ka ɗura mata ba za ta kama ƙasa ba.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Taya mai lamba 16.9-30, wadda aka fi gani a bayan irin motarka, tana ɗaukar wajen lita 270, wato kusan jarka 11 ta masu ruwa mai lita 25. Biyun sun ba ka fiye da rabin tan, kuma nauyi ne da ke zaune a ƙasa-ƙasa, bai hau kan aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin mota, ba, har yana taimaka mata ta tsaya daram a gangare.

Ba a cika taya fal. Ɗaga ƙafar da jak, juya ta har bawul ya zo can sama, cire allurar bawul ɗin, ka ɗura a hankali kana tsayawa iska na fita. Da ruwa ya fara dawowa ta bawul, ya kai kashi 75, ka tsaya nan. Ragowar kashi 25 na iska ne, shi ke shanye bugun rami, domin ruwa ba ya matsuwa. Wanda ya cika ta dam, ranar da ya taka kututture zai ji a ƙugunsa, tayar ma tana iya tsagewa. Mayar da allura, ka ba ta iska daidai yadda littafin motar ya ce, kuma ka yi wa ƙafafun biyu daidai wa daida. Duk ranar da za ka gwada iska, bawul ya kasance a sama, ka fesar da ɗan abin da ke bakinsa, don kada ruwa ya lalata gejin auna iska.

Yanzu maganar maigidanka. Labarin ruɓewar rim mafi yawa daga ƙasashen sanyi ya taso. A Amurka da Kanada ruwa yakan daskare cikin taya, shi ya sa suke narka masa sinadarin kalsiyam kuloraid, wani irin gishiri mai ƙara nauyi da hana ƙanƙara, amma mai cin ƙarfe in ya yoyo. Mu nan me ya haɗa mu da ƙanƙara? Ruwa zalla ya ishe mu. Sai dai Legas tana da nata tarkon: ruwan lagun da na wasu rijiyoyin bakin teku yana da gishiri-gishiri. Kada ka kuskura ka ɗiba. Nemi na bohol wanda ka ɗanɗana ka ji garai. In tayarka mai tiyub ce, ruwan ma ba ya taɓa rim sai in ta huje, don haka da ka ga jiƙa a gindin bawul, kai ta faci a ranar.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne irin ƙasar. A tudu mai rairayi ko jar ƙasa mai ɗan tauri, ruwan zai yi maka aiki. A fadama mai taɓo, musamman watan Yuni da Yuli lokacin da sama ke zuba ba ƙaƙƙautawa, ƙarin rabin tan sai dai ya nutsar da kai har aksul, ya kuma danne ƙasar yadda saiwar shuka za ta sha wahala. Can maganin haƙuri ne har ƙasa ta tsane, ko ka rage zurfin garma.

In kana hawa kwalta da tirela, rage gudu, don birki zai ƙara nisa kafin ya tsayar da kai. Kuma ranar faci kada ka ce kai kaɗai za ka kwantar da tayar da ke ɗauke da kilo 270 na ruwa. A fara zubar da shi tukuna.