Yoyon Hanji da Tsagewar Bango

Wata baiwar Allah daga Gwammaja ta rubuto: "Malam, ƙanena yana shan maganin kanjamau shekara uku, ƙwayar cutar ta kwanta, amma garkuwar jikinsa ta ƙi tashi. Likita ya ce wataƙila hanjinsa ne ke yoyo. Ashe hanji ma yana yoyo? Ko nan ne ake cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga?"

'Yar'uwa, likitan nan ya iya Hausa. Da ya ce "zuba" da ya ɓata, don zuba a fili take, kowa na gani. Tsiyaya kuwa da gangan ake yi. Yoyo shi ne ruwan da ke bin kafar da ba a gani ba, kaɗan-kaɗan, ba ya yankewa. Wanda ya taɓa kwana a soron cikin birni da damina ya san shi: indararo na aikinsa, amma ga ruwa yana bin azara, sai a tara kwano a ja tabarma gefe.

Haka yake a hanji. Tun makonnin farko na kamuwa cutar kanjamau ke cinye sojojin jiki da ake kira CD4 da ke jikin hanjin, bangonsa ya yi rauni, ɓurɓushin bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji, ya riƙa tsallakawa cikin jini. Masu bincike a Amurka sun bayyana wannan a 2006. Jiki sai ya zauna cikin faɗa dare da rana, ya gaji. Wannan na cikin abin da ke sa a wasu mutane adadin CD4 ke kasa kaiwa 500 a gwajin jini, wato matakin mai lafiya, ko da magani ya danne cutar. Wannan ba dalilin barin magani ba ne, a gaya wa ƙanen naki.

Karin maganar kuwa, asalinta kan zumunci take: sai 'yan gida sun saɓa bare ke samun baki. Ta dace, amma da gyara. Ƙadangaren nan ba baƙo ba ne. Bakteriyar hanji 'yan gida ne, har taimakon narkar da abinci suke yi. Ɗakin da ba nasu ba suka faɗa.

Ita kanta "kanjamau" daga kanjamewa ta fito, wato ramewa, kamar yadda sanƙarau ya fito daga sanƙarewa. Ni dai na fi son "cuta mai karya garkuwar jiki", don yau mai shan magani ba ya kanjamewa.