Shin sai na buɗe shafin intanet kasuwata za ta ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turaren wuta da humra daga gida a Kano, shekara uku ke nan, kuma duk cinikina a Instagram da WhatsApp nake yi. Wani matashi ya ce zai gina mini shafin intanet, ya kuma riƙa yi mini talla a Facebook. Kuɗin da ya yanka ba kaɗan ba ne. Ya dace in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara buɗi. Ki yi shafin, amma ƙarami, kuma kada ki biya ko sisi sai kin tabbatar makullinsa yana hannunki.

Bari in fara da kuskuren da ni kaina na tafka. Farkon shigata sana'ar gina shafukan intanet na gina wa wani mai sayar da takalma shafi. Don gaggawa, sai na yi rajistar adireshin shafin, wato sunan da ake rubutawa a buɗe shi, da imel ɗina, ba da nasa ba. Mutumin ya buga adireshin a leda, a kati, har a allon shagonsa. Shekara ta zagayo, aka yi ta aiko saƙon tuni cewa a sabunta, ni kuwa na riga na daina duba wannan imel ɗin. Wa'adi ya wuce, wani can ya saye sunan. Ranar da ya kira ni yana cewa masu saye suna buɗe shafinsa suna ganin tallar caca, na rasa bakin magana. Ledojin nan duk sai da aka sake su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, adireshin shafi haya ne, ba saye ba. Kowace shekara ake sabuntawa, kuma wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai shi, ko da kuwa ke kika biya. Adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng hukumar NiRA ce ke kula da shi, ana kuma yin rajistarsa ta hannun kamfanonin da ta amince da su. To ki zauna tare da matashin nan lokacin rajista, a sa sunanki, imel ɗinki da lambarki, ke ki zaɓi kalmar sirri. Idan ya fara kame-kame a kan wannan, kin ga alama.

Me ya sa ma nake cewa ki yi, alhali Instagram yana kawo miki ciniki? Saboda a can rumfar aro kike. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida. A shekarar ce kuma, cikin watan Yuni, gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Wanda kasuwarsa ta dogara a kai ya ji a jikinsa. Ban da masu kutse da ke sace asusu kullum. Don haka ko shafin bai samu ba, ki tanadi littafi ko fayil mai sunayen kwastomominki da lambobinsu da abin da kowace ta saba saye. Ki nemi izininsu kafin ki riƙa tura musu talla. Ladabi ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya.

Batun girman shafin: masu irin aikinmu muna son burgewa. Hotuna masu juyawa, bidiyo mai tashi da kansa, a kwamfutar ofis duk gwanin kyau. Amma mai sayen humrarki tana riƙe da ƙaramar waya ne, datarta ta kusa ƙarewa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Hoton da waya ta ɗauka kan kai megabait 4 ko 5. A jera goma a shafi ɗaya, kafin ya buɗe ta koma WhatsApp. A rage nauyin kowane hoto, ba zai rage masa kyau ba. Shi ma Google tun 2018 ya fara auna shafuka da yadda suke fitowa a waya. Kafin ki cika masa kuɗinsa, ki ari wayar 'yar aikinki ko ta ƙanwarki ki gwada.

Abin da kike bukata shafi ɗaya ne: hotunan kaya, farashi a rubuce, garuruwan da kike aikawa, da maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye. Tsarin biyan kuɗi irin na Paystack ko Flutterwave yana da amfani, sai dai in kwastomominki sun saba tura kuɗi su turo miki rasit, bar shi tukuna.

Talla kuwa nan ne kuɗi ke zurarewa ba a ji ba. Za a nuna miki cewa mutum dubu kaza sun gani, ɗari kaza sun yaba. Yabo ba ya sayen itacen turare. Lissafinki uku ne: nawa aka kashe, mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya. Ki fara da ɗan abin da ba zai dame ki ba na mako guda, a taƙaita shi ga mata a garuruwan da kayanki ke isa, kuma duk wadda ta saya ki tambaye ta, "A ina kika gan mu?" Ki rubuta amsar. Asusun tallar ma a buɗe shi da sunanki, shi a ba shi izinin aiki kawai, sannan ki raba kuɗin aikinsa da kuɗin da ke tafiya wa Facebook, kowanne da rasit ɗinsa.